Ɗana ya kusa shekara biyu bakinsa bai buɗe ba, surukata ta ce a kira wanzami

Wasiƙar wannan makon daga Unguwar Rogo ta fito, a cikin garin Jos. Na taƙaita ta kaɗan.

"Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro namiji, shi ne na fari, watansa 22. Har yau abin da yake faɗa bai wuce 'Umma' da 'mamma' da 'a'a' da wasu guda biyu ko uku ba. In yana son abu sai ya ja hannuna ya nuna. 'Yar maƙwabciyata da ya girme wa tana ta surutu kamar rediyo. Surukata ta ce linzami ne, a kira wanzami. Maigidana ya ce mu muka rikita yaron, ni ina yi masa Fulatanci, dangi suna yi masa Hausa, shi kuma Turanci yake so ya tashi da shi. Ya saya masa waya yana kallon katun na Turanci don bakinsa ya buɗe. Ni ɗinki nake yi a gida, in na hau keke wayar ce ke riƙe min shi, wani lokaci tun safe har azahar. Yaron ya yi shawara a makon haihuwa, kuma duk lokacin sanyi yana fama da mura, sau biyu kunnensa yana ruwa. Wallahi abin ya hana ni barci. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya mana shi, ya albarkaci rayuwarsa, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Gaskiya zan gaya miki, tunda ita kika zo nema. Kalma biyar ko shida a wata 22 ta yi kaɗan. Yawancin yara suna furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, in sun kai shekara biyu kuma sun fara haɗa biyu, irin su "Umma zo" ko "ba ni". Ma'aunin da masu duba yara suka saba amfani da shi shi ne, yaron da ya cika shekara biyu kalmominsa ba su kai 50 ba ko kuma ba ya haɗa biyu, a duba shi. Don haka damuwarki tana kan hanya. Za ki ji masu cewa ai namiji ne, ko ubansa ma sai da ya shekara uku. Gaskiya ne maza kan ɗan yi baya da mata a wajen magana, amma tazarar ƙarama ce, ba ta kai a naɗe hannu ana jira ba. Gaskiya ne kuma yara da yawa masu nauyin baki suna kamo tsaransu daga baya. Matsalar ita ce ba wanda zai kalli yaro daga zaune ya ce wannan yana cikin masu kamowa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne layin da kika jefo a ƙarshe kamar ba wani abu ba: shawarar da ya yi yana jinjiri, da kunnen da ya yi ruwa har sau biyu. Abin da bai shiga ta kunne ba, ba ya fita ta baki. Yawancin shawarar jarirai tana wucewa lafiya lau, amma in ta yi tsanani tana iya taɓa jijiyar ji, kamar yadda sanƙarau da ƙyanda kan yi. Wanda ya fi wannan yawa kuma shi ne ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura. Yana iya yin makonni ko watanni a wurin, ba zafi, ba zazzaɓi, yaro yana ta wasansa, amma magana tana isa gare shi kamar yadda za ki ji mutane in kin toshe kunnuwanki da yatsu. Ki tuna yadda sanyin Jos yake daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yaro ya fita daga wannan mura ya faɗa waccan. In rabin shekararsa a haka yake ji, ina zai tsinci kalmomin?

Kada ki ce ai yana ji, tunda yana firgita in an buga ƙofa, ko yana rugowa in ya ji kiɗan katun ɗinsa. Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe "kafa" da "ƙafa" ko "bari" da "ɓari" daban. Gwajin tafa hannu a bayan yaro ma ba abin dogaro ba ne, don yara suna da wayon lura da inuwa da motsi. Ki kai shi wurin likitan yara a wannan makon, ki tafi da katin rigakafinsa da duk takardar da aka ba ku lokacin shawarar, ki faɗa da bakinki cewa kina so a gwada jinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, in kuma ana buƙatar gwajin da ya fi zurfi, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ba ya ciwo: ɗan abu mai laushi ake sa wa a bakin kunne, wani irin ma yaro yana barci ake yi. Kafin nan kada a ɗiga masa komai a kunne, ko mai ko ruwan nono, kuma a bar sosa shi da tsinken auduga ko gashin kaza.

Maganar wanzami kuwa, a'a. Linzami abu ne da yake akwai, ba ƙarya surukarki ta yi ba: 'yar fatar nan ce ta ƙarƙashin harshe, in ta yi gajarta takan wahalar da jariri wajen kama nono, wani yaron kuma takan hana shi fitar da wasu haruffa tas. Amma yaro mai linzami yana surutu, lafazin ne kawai ke ɗan karkacewa. Naki yana cewa "Umma" rangaɗau, abin da ya yi masa ƙaranci shi ne yawan kalmomi, su kuwa a ƙwaƙwalwa ake tara su, aska ba ta kai wa can. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, ga haɗarin ƙarfen da ba a dafa ba, wanda ke iya kawo ciwon hanta ko sarƙewar haƙora. Haka zancen yake in aka koma cewa belu ne. Sai dai kada ki tsaya gardama da ita, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci kin yi asara. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, tunda kin ga alamar linzami, don Allah ki raka ni asibiti likita ya ɗaga harshen a gabanki." Kin girmama ganinta, kin kuma sami mai rakiya. Zan dawo kanta, don ina da aiki babba da nake so ki ba ta.

Shi kuma maigidan, ki kwantar masa da hankali: harsuna biyu ko uku ba sa hana yaro magana. Ai Jos kanta shaida ce. Ya leƙa Bukuru ko Gangare ko Nasarawa Gwom ya ga yaran da suka tashi da yaren gidansu, Birom ko Ngas ko Yarbanci ko Fulatanci, ga Hausa a layi, ga Turanci a makaranta, ga buroka a kasuwa, ba wanda ya zama bebe saboda haka. Abin da ake yi wa irin wannan yaro shi ne a haɗa kalmominsa na duk harsunan a ƙirga. In yana cewa "ndiyam", wato ruwa da Fulatanci, yana kuma cewa "ruwa", biyu ke nan. In kullum "wa" yake cewa in yana nufin ruwa, kalma ce. In ya ga akuya ya ce "mee", ita ma kalma ce. Ki ajiye takarda a kan keken ɗinkinki, mako guda kina rubuta duk abin da ya faɗa da nufi, ki tafi wa likita da ita. Mai yiwuwa ki tarar sun fi shidan da kike zato.

Kuma don Allah kada ki daina yi masa Fulatanci. Uwa ta fi zuba magana a harshen da take mafarki da shi. In aka tilasta miki harshen da bai zauna a bakinki ba, maganar taki za ta koma "zo", "zauna", "bari", shi ke nan, yaro ya yi asarar hira ya yi asarar harshen kakanninsa. Turanci yana nan yana jiransa a makaranta. In babansa yana so ya fara tun yanzu, madalla, ya ɗora shi a cinya in ya dawo daga aiki ya yi masa da bakinsa.

Na ce da bakinsa ne saboda wayar ba za ta yi wannan aikin ba. A 2003 wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Amurka sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka riƙa kawo musu mutane suna zama da su a ƙasa, suna yi musu wasa da karatu da Sinanci, zama 12 cikin kusan wata guda. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai, da maganar nan dai, amma a talabijin, wasu aka sa musu muryar kawai. Da aka gwada su, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya rarrabe sautukan Sinancin kamar jariran da aka haifa cikin harshen. Na talabijin da na murya kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Dalilin a fili yake: allo yana magana ne ko yaro yana nan ko ba ya nan. Bai san abin da yaro yake kallo ba, ba ya dakatawa ya ji abin da zai ce, in ya yi gwaranci ba ya amsa masa. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Daga safe zuwa azahar awa biyar ne ko shida, 'yata, kuma su ne awannin da yake a farke da kuzarinsa.

Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba. Keken nan sana'arki ce, kuma na san yadda masu kaya suke tsaye a kan tela in biki ko salla ta matso. Ban kuma ce wayar ce kaɗai sanadi ba, shi ya sa na fara da kunne. Amma ita ce abin da ke hannunki yau. Zai yi kuka kwana uku ko huɗu in an janye ta, ki daure. In kiran bidiyo ne da kakarsa ta wajenki, suna ganin juna tana amsa masa, wannan daban ne, ki bar shi. Talabijin da ke kunne a falo ba mai kallo ita ma a kashe, don tana rage hirar manya da yaro ba tare da an ankara ba.

Yanzu ga abin da na lura da shi, ki gafarce ni in na taɓa inda bai kamata ba. Tun daga farkon wasiƙarki har ƙarshe ba ki ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. "Yaron" kike cewa. Na san dalili, don ni ma a gidan kunya na tashi. Ɗan fari ne, ke kuma Bafulatana, kunyar ta zama biyu. An koya mana uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in ya yi abin dariya ta kau da kai. Ba na raina wannan tarbiyya, akwai kamun kai da girmama manya a cikinta. Amma ki duba gidan da aka gina al'adar nan a cikinsa. Babban gida ne, tsakar gida cike da mutane. In uwa ta kau da kai, kaka tana nan tana ce masa "maigidana, yau ina cefane?", goggo tana yi masa rawa a cinya, matan 'yan'uwan uba suna karɓarsa hannu zuwa hannu, 'yan mata suna goya shi zuwa ɗebo ruwa suna waƙa, da daddare a baje tabarma ana tatsuniya. Shirun uwa ɗaya bai rage masa komai ba, bakuna goma suna kansa. Yau fa? Ɗaki biyu da falo, an rufe get, maigida ya fita tun safe. Mutanen tsakar gidan sun watse, kunyar ce kaɗai ta biyo mu gidan haya. In kika yi shiru yanzu, gidan gaba ɗaya ya yi shiru, sai ƙarar keke da katun.

Don haka ki raba abin biyu. A gaban surukai ki yi kunyarki yadda kika saba, ba mai cewa ki canza. In kun rage daga ke sai shi, ki sake baki. In sunan ne ba ya faɗuwa, wataƙila ma sunan mahaifin maigidan ne aka mayar, ki zaɓa masa laƙabi guda ki riƙe, don yaro yana buƙatar sunan da zai ji daga bakin uwarsa ya waiwayo. Muryarki ya fara sani a duniya, tun yana ciki a watannin ƙarshe yake jin ta.

Yadda za ki yi hirar kuwa, ba sabon abu zan koya miki ba. Ki dubi gaisuwarmu: "Ina kwana?" sai a dakata. "Lafiya lau." "Ina gajiya?" a sake dakatawa. Ko mai tatsuniya in ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ba ta ci gaba sai an ce "ta zo mu ji ta". Haka ake yi da yaro, ki ba shi, ki jira ya maido. Dakatawar nan ita ce iyaye suka fi kasawa. Ya nuna kofi, kafin ya sauke hannu an miƙa masa ruwa, to me zai sa ya wahalar da bakinsa? In ya nuna, ki sunkuyo daidai fuskarsa ki ce "Ruwa? Ruwa kake so?", ki ƙirga biyar a zuci kina kallonsa. Duk abin da ya fito, ko "wa" ne ko ɗan sauti, ki karɓa da murna: "Ruwa! Ga ruwa." Ki ba shi. Kada ki hana shi abin har ya yi kuka don a tilasta masa faɗa, kuma a daina tsare shi da "ce Abba, ce Abba" a gaban baƙi, wannan rufe bakin yaro yake yi. In ya faɗi kalma ɗaya, ki maido masa da biyu: ya ce "mota", ki ce "jar mota" ko "mota ta tafi". In ya faɗa a karkace kada ki ce ba haka ba ne, ki maimaita daidai kawai ki wuce. Ki riƙa ba shi zaɓi yana ganin abin: "Ayaba ko lemo?"

Kuma ki bi idonsa. In hankalinsa yana kan ƙadangare a bango, zancen ƙadangare za a yi, ba lokacin koya masa sunan hanci da baki ba ne. Kalma ta fi zama in ta sauka a kan abin da yaro yake kallo a lokacin.

Ba sai kin ajiye ɗinki ba. Ki shimfiɗa masa tabarma ta inda zai ga fuskarki, ki zuba masa ƙyallaye da kwarkwaron zare da ya ƙare da 'yan robobi, ki kawar da allura da almakashi da maɓallai don kada ya kai baki. Kina taka keke kina ba shi labarin abin da kike yi, duk bayan ɗan lokaci ki tsaya ki saurari nasa. Wanka, cin abinci, sa kaya, duk lokutan hira ne da ba su ci miki ko minti ɗaya na daban ba. In za ki Farin Gada sayen kayan miya ki tafi da shi, ki sauke shi daga goyo ya taɓa tumatir da karas da kabeji kina faɗa masa sunayensu, ya ji ana ciniki. Littafi mai hotuna yana da amfani ƙwarai, ba sai kin karanta rubutun ba, ku nuna ku faɗa. In babu, tsohuwar kalanda ko hotunan bikinku sun isa. Ki bar shi ya fita wasa da 'yar maƙwabciyar nan, ki daina auna shi da ita.

Ga aikin Hajiya. Ki ce mata an ce maganin nauyin baki shi ne a yawaita yi wa yaro hira da waƙa, ke kuma kin san ba wanda ya kai ta iya wasa da jika. Ba daɗin baki ba ne, gaskiya ce: abin da kunya ta hana ki a gabanta, ita al'ada ta ba ta lasisinsa. Ta tsokane shi, ya rama, ta yi masa waƙoƙin da ta yi wa babansa. In tana kusa, ko sau uku a mako ya yini rabin rana a wurinta, da sharaɗin ba waya.

Cikin makonnin nan ki sa ido a kan wasu abubuwa, ki gaya wa likita yadda kika gan su. In kin ce "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ba, yana ɗaukowa? In an kira shi yana waiwayowa? Yana nuna miki abu don kawai ki gani, kamar jirgi a sama, sannan ya juyo ya kalli fuskarki, ba sai in yana son a ba shi abu kaɗai ba? Yana kwaikwayonki, ya kara abu a kunne kamar waya, ko ya ba 'yar tsana abinci? In amsar duka e ce, alama ce mai daɗi, fahimta tana nan, furuci ne ya yi nauyi. In kuwa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido, ko akwai kalmomin da yake faɗa a da ya daina, ki faɗa wa likita a fili don a duba lalurar da suke kira otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba rigakafi ke kawo ta ba, ba kuma laifin uwa ba ne, kuma yaran da aka fara taimaka wa da wuri sun fi cin gaba.

Abinci da barci a taƙaice: kunu zalla ba ya gina ƙwaƙwalwa, a haɗa masa da gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai da kifi da wake da hanta da ganye irin su zogale, don ƙarancin jini yana sa yaro sanyin jiki da rashin kuzarin koyo. Ki roƙi likita ya duba jininsa tunda kun je. Ɗan shekararsa yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. Ki duba katinsa ki tabbatar ya karɓi allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15.

Ki rubuto min in kun dawo daga asibiti, ki gaya min abin da gwajin kunnen ya nuna da abin da Hajiya ta ce bayan an ɗaga harshen. Ki haɗo da takardar kalmomin nan, ta Fulatanci da ta Hausa duka, da laƙabin da kika zaɓa masa.